Ruwan Famfo a Ƙasar Waje: Abin da Ya Kamata Matafiyanmu Su Sani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da nake ganin ana raina shi, alhali kuwa yana iya ɓata wa mutum tafiyar da ya yi shekaru yana tara wa kuɗi. Al'amarin shi ne ruwan sha a ƙasar waje, musamman ruwan famfo, da tambayar ko baƙo zai iya shan sa ba tare da fargaba ba. A yau mutanenmu suna tafiya fiye da kowane lokaci: maniyyata aikin Hajji da Umra, 'yan kasuwa masu zuwa sari Dubai da Gwanzu ta ƙasar Sin, ɗalibai masu neman ilimi a Alƙahira da Ingila, da marasa lafiya da ake kaiwa Indiya da Masar. Kafin tashi akan yi musu magana a kan fasfo da biza da canjin kuɗi da nauyin kaya, amma da wuya ka ji an ce musu uffan a kan abin da za su riƙa zubawa a cikinsu sau da yawa a kowace rana. Na yi aikin duba-gari har na yi ritaya, kuma binciken rijiyoyi da tankuna da famfuna na cikin abin da na fi daɗewa ina yi, shi ya sa shirun ya dame ni.

Matafiyanmu sun kasu biyu a kan wannan magana. Akwai waɗanda suka ɗauka cewa da zarar jirgi ya sauka a wata ƙasa mai kwalta da dogayen benaye, to duk ruwan da ya fito daga famfo tsarkakakke ne, don haka sai su kafa kai su sha ko a banɗaki ne. Akwai kuma waɗanda aka tsorata su tun daga gida har suka ƙudurta cewa ba za su taɓa ruwan kowa ba sai na gora, idan kuma babu na gora a kusa, ko kuɗin guzuri ya yi ƙasa, sai su haƙura da ƙishirwa. Dukkansu sun gina hukuncinsu ne a kan sunan ƙasa, ni kuwa abin da aiki ya koya mini shi ne lafiyar ruwa tana bin hanyar da ruwan ya biyo ne tun daga inda aka ɗebo shi har zuwa bakin famfon da mutum yake tsaye a gabansa. A gari ɗaya, kai har a unguwa ɗaya, ana iya samun gidan da ruwansa ba shi da aibi, maƙwabcinsa kuma ruwansa ya kwantar da mutum.

Yadda ake gyara ruwan famfo kusan iri ɗaya ne a ko'ina, ko a Challawa da Tamburawa ne a Kano, ko a Landan. Ana jawo ruwa daga kogi ko madatsa ko ƙarƙashin ƙasa, a zuba masa alif domin dattin ya dunƙule ya kwanta, a tace shi ta cikin yashi, sannan a sa masa sinadarin kulorin wanda yake kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Ana kuma barin ɗan ragowar sinadarin a cikin ruwan da gangan domin ya ci gaba da tsaron sa a kan hanya, kuma shi ne ɗan warin da wasu suke ji su ce ruwan yana warin magani, alhali wannan warin alama ce mai kyau. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami ƙwayar E. coli, wadda take nuna cewa bayan gida ya taɓa ruwa, ko guda ɗaya a cikin mililita 100. Matatu da yawa a duniya suna cika wannan sharaɗi a lokacin da ruwan yake barin hannunsu. Matsalar takan faro ne bayan nan. Inda ruwa yake zuwa dare da rana ba yankewa, ƙarfinsa a cikin bututu yana hana datti shiga ko da akwai tsaga, domin ruwan ne yake tsiyayowa waje. Inda kuwa ake kawo ruwa yau a ɗauke gobe, da zarar bututu ya zama wayam sai ya zuƙo abin da yake kewaye da shi, idan kuma ta cikin kwata ya ratsa, ko ta gefen shadda, to abin da zai zuƙo ke nan. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma haka yake a birane masu yawa na Asiya da Afirka da Kudancin Amurka, har da waɗanda suke da otal-otal na alfarma.

Bayan bututu sai tanki, kuma a nan ne na fi ganin ɓarna da idona. Na sha hawa saman bene in tarar da tankin da murfinsa ya karye tun tuni aka ɗora masa kwano da dutse, kashin tattabaru ya yi fari fat a bakinsa, idan ka haska tocila kuma sai ka ga laka ta kwanta a ƙasa kamun yatsa uku, gansakuka ta kama bango, wani lokaci har da mataccen ƙadangare yana yawo a sama. Mutanen gidan kuwa ba su san komai ba, domin ruwan da yake fitowa a famfonsu garau yake. Zafin rana yana cinye ragowar kulorin da wuri, don haka ruwan da ya kwana biyu a irin wannan tanki ya rasa mai tsaronsa. Duk matafiyin da ya sauka a masauki a ƙasa mai zafi ya sani cewa akwai yiwuwar ruwan ɗakinsa daga irin wannan ma'aji yake saukowa, kuma hukumar ruwa ta garin ba ita ke wanke tankin mai otal ba.

Sai wata tambaya da nake yawan ji: idan ruwan ba shi da kyau, me ya sa 'yan garin suke sha suna zaune lafiya? Dalili shi ne jikin wanda ya tashi a wuri ya riga ya yi karo da ƙwayoyin cutar wurin tun yana yaro, ya sami wata garkuwa a kansu, baƙo kuwa karonsa na farko ke nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari na matafiya suna kamuwa da gudawa, gwargwadon inda suka je da lokacin da suka je, kuma ba ruwa kaɗai ke jawo ta ba, abinci ma yana da babban kaso. Wasu daga cikinmu sukan ce ai mu da muka girma da ruwan 'yan garuwa da na rijiya babu abin da zai same mu. Wannan magana tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa a dogara da ita ba, domin garkuwar da mutum ya samu a Kano ko Maraɗi ta nau'o'in ƙwayoyin da ke can ce, ba lalle ta yi aiki a Delhi ko Dakka ba. Ƙari a kan haka, wannan garkuwa takan yi rauni idan mutum ya daɗe ba ya gida, shi ya sa 'ya'yanmu da suka yi shekaru a Turai sukan kwanta a makon farko idan suka zo hutu. Kada mu manta kuma cewa sabon da muke alfahari da shi ba kyauta muka same shi ba, yara da yawa ba su kai ga samun sa ba, kuma ko a shekarar 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, akasarinsu a jihohin Arewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 aƙalla mutum biliyan 1.7 ne suke shan ruwan da bayan gida ya gurɓata, kuma da yawansu za su gaya maka cewa ruwan garinsu lafiya lau yake.

Game da ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Faransa da Kanada da Japan da yawancin Amurka, magana ta gaskiya ita ce ruwan famfonsu abin sha ne, ana gwada shi a kai a kai, kuma ɗalibin da yake ƙarar da ɗan kuɗin da iyayensa suka turo masa wajen sayen ruwan gora a can asara kawai yake yi. Abin da zai kiyaye kaɗan ne. Ya riƙa ɗiba daga famfon sanyi na ɗakin girki, domin a tsofaffin gidajen Ingila famfon banɗaki yakan fito ne daga tankin da ke cikin rufi, na ɗakin girki kuwa kai tsaye yake daga babban bututu. Kada ya sha ko ya yi girki da ruwan famfon zafi, saboda ruwan zafi ya fi narkar da ƙarfen bututu. Idan ya yi kwanaki ba ya gida, ya bar famfon ya ɗan zuba kafin ya tara kofi. Idan kuma ya ga hoton famfo ko kofi an ja masa layi a tashar jirgi ko a wurin shaƙatawa, to ba na sha ba ne, haka nan ruwan banɗakin jirgin sama da na jirgin ƙasa.

Duk da haka, waɗannan ƙasashe ma ba su tsira daga tsautsayi ba, kuma ya kamata matafiyi ya san haka domin ya riƙa sauraron sanarwa. A 1993 ƙwayar cutar Cryptosporidium, wadda kulorin ba ya iya kashe ta da sauƙi, ta shiga ruwan birnin Milwaukee na Amurka, mutum kimanin 400,000 suka kamu da gudawa. A 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a Kanada, ruwan sama ya wanko kashin shanu zuwa cikin rijiyar garin, mutum bakwai suka rasu, fiye da 2,000 suka kwanta. A watan Mayu na 2024 ma an umarci mazauna yankin Brixham a kudu maso yammacin Ingila da su riƙa tafasa ruwa saboda irin ƙwayar da ta addabi Milwaukee. Abin da ya faru a garin Flint na jihar Michigan a Amurka kuwa daban ne, kuma ya fi kusa da abin da muka sani. A watan Afrilu na 2014 aka mayar da garin kan ruwan kogin Flint domin rage kashe kuɗi, ba a kuma sa sinadarin da yake hana ruwa cin bututu ba, sai dalma ta riƙa narkewa daga tsofaffin bututu tana shiga cikin yara. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake tamu daga dakan duwatsun zinariya ta fito, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan illarta. Na kawo wannan ne saboda wani dalili na aiki: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma ko wata guba irinta. Idan hukuma ta ce a tafasa, a tafasa. Idan kuwa ta ce kada a sha sam, to tafasawa ba ta wadatar ba, sai a nemi wani ruwan.

Yanzu bari in zo ga ƙasar da mutanenmu suka fi zuwa da yawa, wato Saudiyya. Ƙasa ce da ba ta da kogin da yake gudu duk shekara, don haka babban ɓangare na ruwan biranenta daga teku ake ɗebo shi a cire masa gishiri. Ruwan Makka da Jidda yana zuwa ne daga matatun Shu'aiba da ke gaɓar Bahar Maliya, na Madina kuma daga Yanbu, ana turo shi ta manyan bututu tsawon kilomitoci masu yawa. Ruwan da aka gyara ta wannan hanya yana fita daga matata da tsabta, sai dai ɗanɗanonsa ya bambanta da wanda muka saba, kuma kafin ya iso ɗakin alhaji sai ya zauna a tankin masauki, na ƙasa da na sama, a cikin zafin da kowa ya sani. Shi ya sa 'yan ƙasar da kansu suka fi shan ruwan gora ko na manyan robobin da ake ɗorawa a kan na'urar sanyaya ruwa. Shawarata ga alhaji ita ce ya yi wanka da alwala da wanki da ruwan famfon masauki ba tare da wani waswasi ba, amma abin sha ya ɗauka daga na'urar da aka tanada, ko gorar da bakinta yake a rufe, ko wuraren shan ruwa da aka keɓe a Mina da Arfa, ko kuma ya tafasa na famfon.

Ruwan Zamzam da ake sha a cikin Harami ana tace shi, ana kuma ratsa shi da hasken da yake kashe ƙwayoyin cuta, tun daga cibiyar da aka buɗe a unguwar Kudai ta Makka a 2010, kuma ana gwada shi a kai a kai. Abin da zai iya ɓata shi shi ne hannunmu. Duk wanda ya je ya ga yadda ake jera robobinsa a cikin masallaci, sababbin kofuna a gefe guda, waɗanda aka yi amfani da su a ɗaya gefen, amma cikin cunkoso da gaggawa sai ka ga mutum ya zari kofi daga gefen da ba shi ba, ko mutum biyar sun sha da kofi ɗaya, ko an cika tsohuwar gorar da ta yi kwanaki a jaka ba a wanke ta ba. Haka nan Zamzam ɗin da ake tallarsa a jarkoki a bakin hanya, babu mai iya ba ka tabbacin daga ina ya fito ko da me aka ɗura shi. Wanda ake bai wa alhazai a rufe, mai lita biyar, shi ne abin dogaro wajen tsaraba. Tsananin da hukumomin can suke yi a kan ruwa yana da tarihi, domin a 1865 kwalara ta kashe dubban alhazai a Makka, masu komawa gida kuma suka kai ta Masar da Turai, kuma nau'in kwalarar da yake yawo a duniya a yau an fara gano shi ne a 1905 a jikin wasu alhazai a sansanin killace matafiya na Al-Ɗur da ke Sina'i.

Sai dai a ƙasa mai tsarki, abin da na fi jin tsoro ga alhazanmu shi ne rashin shan ruwa, fiye da shan wanda bai dace ba. A Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a ma'aunin Salshiyas a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum fiye da 1,300, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da inuwa ko wurin hutawa ba. A irin wannan yanayi jiki yana zubar da ruwa ta gumi fiye da yadda mutum yake zato. Amma za ka ga dattijuwa ta ƙi shan ruwa tun safe saboda tana gudun layin banɗaki a Mina, ko saboda kada alwalarta ta karye ta rasa wurin da ta samu a sahu, ko kuma saboda ɗanta ya ja mata kunne a kan ruwan waje, gorar da ta taho da ita kuma ta ƙare. Wannan shi ne a gudu gara a faɗa gidan zago, domin gudawar kwana biyu ana maganinta, bugun zafin rana kuwa yana iya kashe tsoho cikin sa'o'i kaɗan. Ya kamata a gaya wa iyayenmu a fili cewa kada su jira sai sun ji ƙishirwa, su riƙa kurɓa a kai a kai, kuma idan suka ga fitsarinsu ya yi kaɗan ya yi ja, to jikinsu yana neman ruwa ne da gaggawa.

A Dubai ma ruwan teku ne ake tacewa, kuma hukuncinsa bai bambanta da na Saudiyya ba: matata lafiya, tanki kuwa sai wanda ya gani. A Sin, mutanen ƙasar ba sa shan ruwan famfo sai sun tafasa shi, shi ya sa da wuya ka shiga ɗakin otal a Gwanzu ba ka tarar da butar lantarki ba, kuma ga na'urorin ruwan zafi a tashoshin jirgi. Da ɗan gari akan ci gari, don haka ɗan kasuwa ya yi yadda ya ga suna yi. Waɗanda na fi so a kula da su sosai su ne marasa lafiyar da ake kaiwa Indiya ko Masar, musamman masu dashen ƙoda da masu shan maganin ciwon daji, domin magungunan da ake ba su suna karya garkuwar jiki, kuma ƙwayar da za ta sa mai lafiya zawo na kwana biyu tana iya mayar da su gadon asibiti. Irin waɗannan sukan zauna makonni a gidajen haya kusa da asibiti, mai jinya ne kuma yake girki. Ya zama wajibi mai jinyar ya tafasa duk ruwan sha da na wanke baki, ya kuma tambayi likita kafin a sallame su. Haka jarirai: ruwan haɗa madararsu a tafasa shi ko daga ina ya fito. Masu ciki da tsofaffi su ma suna cikin wannan sahu.

Akwai wasu ƙofofi da cuta take shigowa ta nan ko ga wanda ya kiyaye kofinsa. Ta farko ita ce ƙanƙara, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, adana su yake yi, kuma mutum yana iya ƙin ruwan famfo duk yini sannan ya sha shi da yamma a cikin lemon da aka zuba wa ƙanƙara. Haka salak da ɗanyen ganye da aka wanke da wannan ruwan, da 'ya'yan itatuwan da aka yanka aka ajiye, da lemon da ake matsewa a bakin titi a sirka da ruwa. Abin da mutum ya ɓare da hannunsa bayan ya wanke hannun, kamar ayaba da lemo, ya fi aminci, haka shayi da duk abincin da aka sauke da zafinsa. Ruwan gora ma a duba bakinsa, a tabbatar zoben murfin bai rabu ba, domin a wasu wurare ana tsince tsofaffin gorori a sake cika su. Tafasa kuwa ba ta da wuya: idan ruwa ya tafaso sosai har yana juyawa, a bar shi minti ɗaya, a wurare masu tudu sosai irin su Addis Ababa, wadda ta haura mita 2,000, a bar shi minti uku. A bar shi ya huce a rufe, kada a tsoma masa kofi ko moɗa, a riƙa tsiyayawa. Ƙaramar butar lantarki ba ta cika jaka ba.

Ina so kuma in taɓo wani wuri da nake ganin ruɗani yana shiga. A karatun fiƙihu mun koyi cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canja ba yana tsarkakewa, kuma wannan hukunci ne na ibada wanda malamai suka fi ni sanin sa. Kuskuren shi ne a ɗauki wannan ma'auni a auna lafiyar ruwan sha da shi, domin ƙwayoyin taifot da kwalara da ciwon hanta nau'in A ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Ruwa yana iya halatta a yi alwala da shi amma bai dace a sha ba. Matafiyi ya yi alwalarsa da ruwan famfo, ya kurkure baki ya zubar ba tare da ya haɗiye ba. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kuwa, ya fi masa kyau ya kurkure baki ya kuma wanke buroshinsa da ruwan da yake sha.

Idan duk da kiyayewa gudawa ta kama mutum, abu na farko shi ne mayar da ruwan da jiki yake zubarwa. Ƙunshin gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis ba shi da nauyi ko tsada, kuma ya kamata kowane matafiyi ya sa 'yan guda a jakarsa. Idan babu, a sami lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a motsa a riƙa sha kaɗan-kaɗan. Abin da ba na so shi ne ɗabi'armu ta afka wa filajil da kafso da zarar ciki ya murɗa, domin yawancin gudawar tafiya takan tsaya da kanta cikin 'yan kwanaki, kuma shan waɗannan magunguna barkatai yana sa su daina aiki a ranar da ake buƙatarsu da gaske. Amma idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai da ya hana ruwa zama, ko zawo kamar ruwan shinkafa, ko kuma yaro ne ko tsoho ya fara galabaita, to a tafi asibiti nan take, alhaji kuma ya nemi tawagar likitocin da aka tura tare da su. Taifot da ciwon hanta nau'in A suna da allurar rigakafi, kuma mai shirin tafiya ƙasar da suke da yawa zai iya tambayar likita makonni kafin tashi.

Roƙona ga hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi da malaman da suke yi wa maniyyata bita shi ne su ware ko da rabin sa'a su gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi wannan bayani da Hausa, ya nuna wa mutane gora mai rufaffen baki da wadda aka buɗe, ya haɗa ruwan gishiri da sukari a gabansu, kuma a yi wa mata nasu zaman daban inda za su iya yin tambaya a kan banɗaki da alwala ba tare da jin nauyi ba. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ɗalibai su ma za su iya sa wannan a cikin takardar da suke bai wa masu tafiya, tare da gaya musu ko masaukin da aka kama musu yana da na'urar ruwan sha ko butar tafasa ruwa. Ina kuma fatan wannan jarida za ta nemi likitoci da injiniyoyin ruwa su faɗaɗa bayani a shafinta na kiwon lafiya kafin a fara jigilar maniyyatan bana.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin duba-gari,
daga Kano.